Ku Tambayi Hajiya: Lokaci Ne Bai Yi Ba, Ko Dacewa Ce Babu?

Wasiƙun da suka shigo wannan fili a watan nan, yawancinsu daga unguwannin Zango na Kumasi, sun karkata ga magana guda: ko lokaci ne ke hana aure, ko kuwa mutanen biyu ne ba su dace da juna ba. Na zaɓi huɗu na taƙaita su, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba. Inda magana ta taɓa hukuncin shari'a, na bi abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu muke kai. Wanda lamarinsa ya kai ga yanke hukunci kuwa, sai ya zauna da malamin da zai ji ta bakin kowane ɓangare.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum, Hajiya. Ni budurwa ce mai shekara 27, ina ɗinki a Aboabo. Shekara huɗu ke nan muna tare da wani saurayi, bakanike a Magazin, unguwar kanikawa ta Suame, kuma ban taɓa haɗuwa da wanda jininmu ya haɗu kamarsa ba: ya san halina, na san nasa, ba ya shaye-shaye, ba ya wasa da salla. Matsalar ita ce duk lokacin da na ce ya turo magabatansa, sai ya ce lokaci bai yi ba. Da farko ya ce sai ubangidansa ya yaye shi. Da aka yaye shi, ya ce sai ya kama ɗaki. Ya kama ɗaki a Sawaba, yanzu kuma maganar buɗe nasa garejin yake yi. Ana cikin haka wani mai shago a kasuwar Kejetia ya fito, ya girme ni da shekara 12, kuma a shirye yake a ɗaura aure bayan Sallar Layya. Iyayena sun karkata gare shi. Ƙannena mata biyu suna ɗakunan mazajensu, har na fara jin kunyar zuwa biki. Ban san mutumin sosai ba. Ba na ƙinsa, amma ba na jin komai a kansa. In jira wanda muka dace, ko in bi wanda ya zo a kan lokaci?

'Yarki daga Aboabo

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yata. Kin ɗora tambayarki a kan abu biyu da kika ɗauka sun tabbata, alhali a wasiƙarki ban ga ɗaya daga cikinsu ya tabbata ba. Kin ɗauka kun dace da bakaniken, lokaci ne kawai ya shiga tsakani. Kin kuma ɗauka mai shagon shiri kaɗai gare shi, dacewa babu. Na biyun ba ki da hujja a kansa, tunda da bakinki kika ce ba ki san mutumin ba. Na farkon kuwa shi ne nake so mu daɗe a kai.

Ba zan raina uzurin saurayinki ba, domin duk wanda ya nemi ɗaki a Kumasi ya san halin da ake ciki. Dokar haya ta Gana ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin da ya wuce na wata shida a dunƙule, amma a zahiri na shekara ɗaya ko biyu ake nema, kuma wanda ya tsaya kawo maganar doka, kafin ya rufe baki wani ya biya ya shiga. Yaron da ya yi shekaru a hannun ubangida yana karɓar ɗan kuɗin abinci, ranar da aka yaye shi ba ya fita da jari. Sai ya sayi kayan aiki, ya sami inda zai ajiye su, ya jira masu motoci su san hannunsa. A kan wannan nauyi kuma mu iyaye mata muka ɗora akwatunan lefe, da atamfofi masu tsada, da hayar rumfuna da kujeru, da bikin da sai an ci bashi kafin a gama shi, alhali babu ɗayansu a cikin abin da aure ke tsayuwa a kai. Shari'a waliyyi ta nema, da sadaki, da shaidu biyu adalai, da siga, kuma mafi ƙarancin sadaki a wurin Malikiyya rubu'in dinari ne. Da yawa daga cikin samarin da muke zargi da jan ƙafa, mu ne muka ɗaga musu farashin har suka ja da baya.

Sai dai uzuri yana da iyaka. Aya ta 32 a Suratun Nur ta yi umarni a aurar da marasa aure, ta kuma yi alkawarin cewa idan matalauta ne Allah zai wadata su daga falalarsa. Aya ta 33 da ke biye da ita ta umarci waɗanda ba su sami halin aure ba su kame kansu har Allah ya hore musu. Abin da nake fahimta daga zuwan ayoyin a jere shi ne talauci ba ya hana aure, rashin hali na gaskiya kuma yana iya sa a jinkirta. Abin da ban gani a cikinsu ba shi ne namiji ya riƙe 'yar mutane shekara da shekaru, bai aura ba, bai kuma ba ta hanya ta saurari wani ba.

Jinkirin da ke da dalili na gaskiya ana gane shi. Mai shi yana iya faɗin abin da ya rage masa, da kuɗin da zai ci, da watan da yake sa ran kammalawa, kuma ba ya jin tsoron faɗin haka a gaban manya. Saurayinki sau biyu yana kafa sharaɗi, sau biyu sharaɗin yana cika, kowane karo kuma sai ya kafa sabo. Buɗe gareji ma ba abu ne mai ranar ƙarewa ba, domin bayan gareji akwai kayan aiki, bayan kayan aiki akwai fili, kuma akwai masu sana'a a Suame da suka aurar da 'ya'yansu ba su daina cewa kasuwa ba ta daidaita ba. Turo magabata kuma ba ya bukatar gareji. Goro ne da ɗan abin gaisuwa, da baffa ko kawun da zai zo ya zauna a gaban mahaifinki ya ce ɗanmu ya ga 'yarku. Wanda ya iya biyan hayar ɗaki a dunƙule bai rasa kuɗin goro ba. Idan a shekara huɗu danginsa ba su san ƙofar gidanku ba, wannan ya fita daga babin lokaci, ya shiga babin hali da niyya.

A nan ne nake so ki sake duba abin da kike kira dacewa. Haɗuwar jini abu ne mai daraja, kuma hadisi ya zo a Sahihu Muslim cewa rayuka runduna ce da aka tara, waɗanda suka san juna sai su saba, waɗanda ba su san juna ba sai su saɓa. Amma daɗin hira a ƙofar gida da dare ba ya nuna yadda mutum zai riƙe alkawari, ko yadda zai yi idan kuɗi ya yanke, ko zai bar ki ki ci gaba da ɗinki, ko zai iya tsayawa tsakaninki da danginsa idan an cuce ki. Cika magana yana cikin dacewa, kuma son abu ɗaya a lokaci ɗaya ma yana cikinta. Jira yana maganin rashin ɗaki da rashin jari; ban taɓa ganin ya yi maganin rashin cika alkawari ba, shi ya sa Hausawa suka ce hali zanen dutse ne.

Shawarata ita ce ki cire maganar daga tsakaninku ku biyu, ki kai ta hannun manya. Ki roƙi mahaifinki ko wanda ke tsaye a madadinsa ya kira yaron cikin mutunci, ya tambaye shi niyyarsa, ya ba shi wa'adi sananne, misali daga nan zuwa Sallar Layya, wanda a cikinsa magabatansa za su zo a tsayar da rana. A faɗa masa kuma ƙarara cewa gidanku a shirye yake ya sassauta lefe, kuma ke ce za ki fara shawo kan mahaifiyarki a kan haka, domin ba adalci ba ne a matsa masa da wa'adi a kuma bar masa tsohon lissafi. Idan ya zo, kin san jinkirinsa na tsoron nauyi ne, kuma an sauke masa. Idan wa'adi ya cika ya kawo sabon dalili, ya ba ki amsa ke nan, ko da bakinsa bai furta ba.

Game da mai shagon, bai yi laifi da ya fito ba. Hanin da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi na neman aure a kan neman ɗan'uwa yana aiki ne idan an nema kuma an amince, naku kuwa ba a kai ga nema ba. Amma ranar da iyayenki suka karɓi gaisuwarsa suka ba shi, ƙofa ta rufe wa na farko, saboda haka ki roƙe su su dakata har wa'adin ya cika. A wannan tsakani a yi bincike na gaske. Lokacin da Fatima bint Ƙais ta nemi shawarar Annabi a kan Mu'awiya da Abu Jahm, bai ce mata duk Musulmi ne ta zaɓi ɗaya ba. Ya gaya mata cewa na farko ba shi da dukiya, na biyu kuma ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa, sannan ya nuna mata Usama bin Zaid. Ta ce da farko ba ta so shi ba, daga baya kuma ta sami alheri a auren. Darasi biyu ke nan a hadisi ɗaya: faɗin aibin mai neman aure ga wadda ta nemi shawara ba giba ba ce, kuma rashin jin komai a farkon haɗuwa ba hukunci ba ne. A tambayi maƙwabtan shagonsa a Kejetia, da yaran da ke masa aiki, da waɗanda suka taɓa binsa bashi. Mutum mai shekara 39, ya taɓa aure? Idan ya taɓa, me ya raba su, kuma wa ke riƙe da 'ya'yan? Ku zauna ku yi magana a cikin gidanku, ki tambaye shi inda za ki zauna da makomar sana'arki. Idan bayan haka zuciyarki ta ƙi shi, ki faɗa, domin budurwa ana neman izininta.

Yana yiwuwa kuma a gama duk wannan ki ga babu mijinki a cikin su biyun. Kunyar zuwa biki tana da ciwo, na sani, amma ba dalilin ɗaura aure ba ce.

Tambaya ta biyu

Hajiya, ina gaisuwa. Ni malamin firamare ne a Asawase, shekarata 30. An karɓi gaisuwata a gidan yarinyar da nake nema, an sa rana nan da wata uku. Tun ina ɗalibi na san ni AS ne. Ita kuma ta ce an taɓa gwada ta aka ce ba ta da sikila, sai hankalina ya kwanta. Da muka je gwajin da limaminmu ya ce a kawo kafin ɗaurin aure, takarda ta nuna ita AC ce. Wasu sun ce C ba sikila ba ce, mu yi aurenmu. Wasu sun ce mu rabu. Mahaifiyata ta ce cuta da lafiya duk na Allah ne. Mun dace ta kowace fuska. Me za mu yi?

Ɗanki daga Asawase

Amsa

Ɗana, da farko ka cire zargi daga zuciyarka, idan akwai shi, domin mai yiwuwa yarinyar gaskiya ta gaya maka. Gwajin nan mai sauƙi da aka fi yi, wanda ake cewa mutum yana da sikila ko ba shi da ita, nau'in S kaɗai yake ganowa; mai AC yana iya yin sa a ce masa lafiya lau. Gwajin da ke fayyace nau'in jinin gaba ɗaya shi ne wanda likitoci ke kira ilektroforesis, kuma shi ya kamata duk mai niyyar aure ya nema da sunansa. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin nau'in C ya yawaita a arewacin Gana da Burkina Faso, inda kakannin gidaje da yawa na Zango suka fito.

Lissafin kuwa ga shi. Idan AS ya auri AC, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SC, sauran ukun kuma AA, ko AS, ko AC, waɗanda masu lafiya ne. Ka lura da cewa kowane ciki nasa lissafin daban. Ba a cewa an haifi mai ciwo ɗaya, saboda haka uku masu zuwa sun tsira. Akwai ma'auratan da za su haifi biyar babu mai ciwo, akwai waɗanda na fari da na biyu duk za su zo da shi. Masu cewa C ba sikila ba ce sun faɗi rabin gaskiya: SC galibi ya fi SS sauƙi, amma ciwon sikila ne, yana kawo tashin ciwon ƙashi, yana iya lalata ido da ƙashin ƙugu, kuma yana tsananta wa mace idan ta ɗauki ciki. Kimanin jarirai biyu cikin kowane ɗari da ake haifa a Gana suna zuwa da ciwon sikila, kuma garinku ba baƙon lamarin ba ne: a Kumasi aka fara gwada jarirai tun suna sabbin haihuwa a 1995, a ƙarƙashin jagorancin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, kuma asibitin koyarwa na Komfo Anokye yana da sashen masu sikila. Ku je tare, ku sake gwajin don a tabbatar, ku zauna da likita ya yi muku bayanin yadda rainon irin wannan yaro yake, da abin da magani ke iya yi a yau da abin da ba ya iyawa.

Maganar mahaifiyarka gaskiya ce, amma ba ta hana ɗaukar mataki. Da Sayyidina Umar ya ji labarin annoba a Sham ya juya da jama'arsa, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ni ba zan ce muku aurenku haramun ne ba, kuma ba zan ce ku rufe ido ku shiga ba. Ku biyu ne za ku yanke, amma ka sani nauyin ba daidai yake sauka ba: ita ce za ta fi kwana a asibiti, ita ce kuma dangin miji kan nuna wa yatsa su ce jininta ne, alhali rabin gadon daga ɗansu ya fito. Ka tambayi kanka tsakani da Allah ko albashinka da haƙurinka za su ɗauka, ko kuwa bayan shekara biyar za ka nemi wata ka bar ta da jinya. Ita ma a bar ta ta yi nata tunanin ba tare da kana kusa kana kallon fuskarta ba.

Wata uku sun yi kaɗan ga irin wannan shawara, musamman ga mutanen da aka riga aka fara ɗinka musu kayan biki. Ku nemi manya su ɗage ranar. Idan kuka zaɓi rabuwa, sakamakon gwajinta amana ne a hannunka, kada ya zama labarin unguwa, kuma maganar kayan da aka kai a bar wa magabata. Limaman da ke neman takardar gwaji suna kyautawa, sai dai takardar tana zuwa a makare. Kamata ya yi a gan ta kafin a karɓi goron gaisuwa, lokacin da janyewa ba ta zama abin kunya ga kowa ba.

Tambaya ta uku

Hajiya, barka da ƙoƙari. Shekara 15 da suka wuce na nemi wata yarinya a Sabon Zango, muna son juna ƙwarai, amma ba ni da komai a lokacin, na tafi neman kuɗi Italiya, aka aurar da ita. Na dawo, Allah ya rufa mini asiri, ina da mata ɗaya da 'ya'ya biyu a Tafo. Wata biyu da suka wuce mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Na je ta'aziyya, kuma tun ranar na kasa samun sukuni. Ina ganin Allah ne ya dawo mana da lokacinmu. Ina so in kira ta in gaya mata niyyata kafin wani ya riga ni, kamar yadda aka riga ni a da.

Ƙaninki daga Tafo

Amsa

Malam, kada ka kira ta. A nan shari'a ce da kanta ta tsayar da lokaci. Aya ta 234 a Suratul Baƙara ta sa takabar wadda mijinta ya rasu wata huɗu da kwana goma; mai ciki kuma, bisa aya ta 4 a Suratuɗ Ɗalaƙ, sai ta haihu. Aya ta 235 ta halatta hannunka mai sanda kawai, wato magana a kaikaice, ta hana yin alkawari a asirce, ta kuma hana ƙulla aure har idda ta cika. Fitowa fili da neman aure a cikin idda haramun ne, kuma Malikiyya sun tsananta: wanda ya ɗaura aure da mace a cikin iddarta har ya kusance ta, an raba su, kuma ta haramta gare shi har abada. Gaggawar da kake ganin za ta hana ka rasa ta karo na biyu, ita ce hanyar da ta fi kusa da rasa ta. Idan tsoronka wani ya riga ka ne, hanin da ya hau kanka ya hau kan kowa. Ko maganar kaikaicen da aka halatta, a ganina ka bar ta: mace mai wata biyu da binne mijinta, mai 'ya'ya uku da ke tambayar ina babansu, ba ta bukatar tsohon saurayi yana yi mata zagaye-zagaye.

Ka yi amfani da watannin da suka rage ka duba abin da kake kira dawowar lokacinku. Wadda ka sani yarinya ce a gidan iyayenta. Wadda ke takaba yau mace ce da ta yi shekaru da wani miji, ta saba da tsarin gidansa, wataƙila ta so shi so na gaske, kuma tana da ra'ayin da ba ka san shi ba a kan kuɗi, da tarbiyya, da zama da kishiya. Kai ma ba saurayin da ya bar Sabon Zango ba ne. Dacewar da kuka yi a da shaida ce a kan mutane biyu na wancan zamani. Ta yanzu sai an sake bincika ta daga farko, kamar ba ku taɓa sanin juna ba.

Akwai kuma mutane shida da wasiƙarka ta ambata a gurguje. 'Ya'yanta uku: a fiƙihun Malikiyya, uwa tana rasa haƙƙin riƙon 'ya'ya idan ta tare da mijin da ba muharraminsu ba, riƙon ya koma ga mahaifiyarta ko wanda ke biye, kuma dangin marigayin suna da bakin magana. Za ka riƙe su a yi yarjejeniya da dangin ubansu, ko aurenka ne zai raba ta da su? Sai matarka ta Tafo da 'ya'yanta biyu. Aya ta 3 a Suratun Nisa'i ta ɗaure ƙarin aure da adalci, kuma namijin da ke shiga aure na biyu yana ɗaukar amarya a matsayin wadda ya kamata ya aura tun farko, ya riga ya fara da karkata. Idan ba za ka iya raba kwana da ciyarwa daidai ba, ka haƙura.

Idan idda ta cika, ka ƙara ɗan lokaci don mutunci, sannan ka aika babba ga waliyyinta. Ka shirya jin a'a, domin bazawara ita ke da ikon kanta, kuma tana iya cewa 'ya'yanta ne gabanta yanzu. Idan Allah ya nufa aka ɗaura, ku yi rajistar auren a hukumance. Dokar auren Musulmi ta 1907 ta ba da mako ɗaya bayan ɗaurin aure, kuma a gidan da ke da mata biyu da 'ya'yan da ubansu ba ɗaya ba, wannan takarda tana kashe rigima mai yawa ranar rabon gado.

Tambaya ta huɗu

Hajiya, mun shirya da wanda nake so, yana da aiki, yana da ɗaki, gwajin jini ma ya yi kyau. Sai mahaifiyarsa ta kai sunayenmu wurin wani mai duba, ya buga ƙasa ya ce taurarinmu ba su haɗu ba, kuma shekarar nan ba ta aure ba ce a gare shi. Yanzu ta ce a dakata. Shi kuma ba ya iya musa mata.

'Yarki daga Yalwa

Amsa

'Yata, babu tauraron da ke ɗaura aure ko ya kwance shi, kuma hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Abin da aka koya mana shi ne istihara: raka'a biyu na nafila da addu'ar da Jabir bin Abdullah ya ruwaito, wadda mai bukata ke yi da kansa, ba tare da an biya wani ba, kuma ba sharaɗi ba ne sai an yi mafarki. Ku yi ta ku biyu, kowa a ɗakinsa.

Amma kada ki tsaya jayayya da mai duba, domin sau da yawa uwa tana zuwa wurinsa ne da amsarta a zuci, tana neman wanda zai faɗa a madadinta. A Zango, inda Bahaushe da Bamoshe da Badagombe da Bazabarme da Bawangare suke salla a sahu ɗaya, har yanzu akwai gidajen da ke duba asali idan aure ya taso, akwai masu duba ko gidanku 'yan Tijjaniyya ne ko Ahlus Sunna, akwai kuma uwar da ta riga ta yi wa ɗanta tanadin 'yar ƙanwarta. Kowanne daga cikin waɗannan ana iya zama a tattauna shi. Tauraro ne ba a iya tattaunawa da shi, shi ya sa ake fakewa da shi. Ki sa kawunki ko baffanki ya je wurin mahaifin yaron, ko babban gidansu, ya tambaya cikin ladabi ko akwai abin da suka gani a gidanku, kuma dakatawar har zuwa yaushe ce. Ki kuma lura da abin da saurayin zai yi a makonnin nan. Ba a neman ya ɗaga wa mahaifiyarsa murya, amma yana iya ɗaukar limamin unguwarsu ko yayan mahaifinsa su je su lallashe ta, kuma ki gaya masa a fili cewa wannan matakin kike jira daga gare shi kafin kawunki ya taka zuwa gidansu.